Tsakanin Rabo da Dabara: Nazari a Kan Haɗa Ɗaurin Kati Daga Rufaffun Fakiti a Gasar Magic

Wasan Magic: The Gathering, wanda masanin lissafi Richard Garfield ya ƙirƙira kuma kamfanin Wizards of the Coast na Amurka ya fitar a shekarar 1993, ya bambanta da kartar da aka saba da ita, domin a nan kowane ɗan wasa yana zuwa ne da ɗaurin katunansa da ya tsara da kansa daga dubban katunan da kamfanin ya buga. Wannan tsari ya haifar da matsala tun farko, domin mai kuɗi yana iya sayen katuna masu ƙarfi da ba a cika samu ba, ya rinjayi wanda ya fi shi basira amma bai kai shi aljihu ba. Salon gasar da ake kira Sealed Deck, wato haɗa ɗauri daga fakitin da ba a taɓa buɗewa ba, yana cikin hanyoyin da suka rage wannan rata.

Ƙa'idar salon gajeriya ce. Ana ba kowane mai gasa rufaffun fakiti 6, ya buɗe su a wurin, sannan a cikin ƙayyadadden lokaci, wanda a manyan gasa yakan kasance minti 30, ya haɗa ɗauri na kati 40 aƙalla, saɓanin 60 da ake bukata idan mutum ya zo da nasa daga gida. An daɗe fakiti yana ɗauke da kati 15, amma daga shekarar 2024 aka koma ga sabon fakiti mai kati 14, don haka abin da ke faɗowa hannun ɗan wasa bai wuce kati 84 zuwa 90 ba, kuma galibinsu rarrabe suke tsakanin launuka biyar na wasan, wato fari da shuɗi da baƙi da ja da kore. Katunan da ake kira na ƙasa, waɗanda ke samar da makamashin da ake biya kafin a saka yawancin sauran katuna, su kaɗai masu shirya gasa ke bayarwa gwargwadon bukata. Da wannan salo ake gudanar da bukin ɗanɗana sabbin katuna da shagunan wasa ke yi mako guda kafin a fara sayar da su.

Masu sukar salon sukan ce sa'a ce tsagwaronta, tun da wani zai buɗe katin da 'yan wasa ke kira bam, wato kati mai ƙarfin da shi kaɗai yana iya cin wasa idan ba a kawar da shi ba, wani kuwa ya tashi da tarkace. Akwai ƙamshin gaskiya a wannan suka, musamman idan aka kwatanta da ɗaya salon, inda mutum takwas ke zama suna zaɓar kati ɗai-ɗai suna miƙa sauran fakitin ga na kusa da su, ta yadda kowa yana da hannu a abin da ya samu. Sai dai lissafi yana rage wa sukar kaifi. Ɗan wasa yana farawa da kati 7 a hannu, yana jan ɗaya a kowane zagaye, saboda haka zuwa zagaye na takwas bai ga fiye da kati 15 daga cikin 40 ba, ma'ana bam ɗin da yake taƙama da shi ba zai zo masa ba a fiye da rabin wasanninsa kafin wannan lokaci. Ragowar wasannin, katunan tsaka-tsaki ne za su yi masa aiki, kuma a wajen zaɓensu ne gwaninta take.

Al'adar da ta kafu ita ce a saka katin ƙasa 17 da sauran katuna 23, kuma adadin yana da dalili: 17 cikin 40 yana ba da kusan katin ƙasa uku a hannun farko, abin da ke bai wa mutum damar fara saka katunansa ba tare da ya tsaya jiran makamashi ba. Haka kuma ana taƙaita ɗauri ga launi biyu, a raba katunan ƙasa kamar 9 da 8, domin kowane launi da irin makamashinsa, kuma kati mai launin ja ba shi da amfani a hannun wanda ƙasarsa duk shuɗiya ce. A nan ne yawancin masu koyo ke tuntuɓe. Mutum zai ga manyan katunansa warwatse cikin launi huɗu, ransa ya ƙi barin ko ɗaya, sai ya cusa su duka, ya ƙare yana riƙe da abin da ba zai iya sakawa ba alhali abokin karawarsa yana ta rage masa makin rayuwa 20 da aka fara da su. Kwaɗayi, in ji Hausawa, mabuɗin wahala. Ƙwararru sun yarda da ɗan tsakure daga launi na uku, kati ɗaya ko biyu, bisa sharaɗin su kasance masu ƙarfi, masu amfani ko da sun zo a makare, kuma ba su bukatar makamashin launinsu fiye da guda.

Bayan launi sai jerin farashi, wato rarraba katuna bisa yawan makamashin da kowane ke ci. Ɗaurin da ya cika da katuna masu cin shida ko bakwai yana da kyan gani a kan tebur, amma mai shi yakan sha kashi kafin ya saka su, shi ya sa ake son halittu, wato katunan da ke kai hari su kuma tare shi, su kai 15 ko kusa da haka, mafi yawansu masu cin biyu zuwa huɗu. Duk da haka wannan salo ya fi na zaɓen ɗai-ɗai tafiyar hawainiya, domin babu mai isassun katunan da za su yi gaggawar gama wasa, kuma wannan ne ya sa kati mai tsada da halitta mai tashi sama, wadda ba kowace halitta ke iya tare ta ba, suke da daraja a nan fiye da wani wuri.

Wani abin lura kuma ya samo asali ne daga yadda ake haɗa abokan karawa. Ana bin tsarin Suwis, inda masu nasarori daidai ke haɗuwa a kowane mataki, saboda haka duk wanda ya yi ta cin wasa zai riƙa cin karo da waɗanda rabonsu ya yi kyau. Katunan kawar da halittar abokin gaba sun zama abin tattali ke nan, kuma mai hankali ba ya ɓarnatar da su a kan ƙananan halittu. Tun da karawa ta wanda ya fara cin wasa biyu cikin uku ce, kuma duk katin da bai shiga ɗauri ba yana nan a matsayin ajiya, ƙa'ida ta ba ɗan wasa damar sauya katuna tsakanin wasa da wasa, har ma ya canza launi ɗungurungum idan ya ga abin da abokin karawa ke riƙe da shi, damar da masu koyo ba su cika amfani da ita ba.

Idan aka auna salon da manufarsa, ya yi nasarar fitar da aljihu daga teburin gasa, ko da yake bai fitar da sa'a ba, kuma a matsayin ma'aunin gwaninta yana ƙasa da salon zaɓen ɗai-ɗai. Wannan bambanci ya bayyana a gasannin Grand Prix da kamfanin ya fara a 1997, inda a lokacin da ake gudanar da su aka saba tace ɗimbin mahalarta da rufaffun fakiti a ranar farko, a bar zaɓen ɗai-ɗai ga waɗanda suka tsallake zuwa rana ta biyu.