Fim ɗin Tarihi da Amanar Magabata: Ma'auni Daga Haɗeja

Masu iya magana sun ce gani ya kori ji. Nan ƙarfin fim ɗin tarihi yake, nan kuma haɗarinsa yake, domin abin da ɗalibi ya gani da idonsa ya fi zama a zuciyarsa bisa ga abin da malami ya karantar.

A ƙasar Hausa wannan fanni ya samo tushe ne daga majigi, wato finafinan wayar da kai irin su Baban Larai, waɗanda gwamnatin Jihar Arewa ta riƙa yawo da su gari-gari. A majigi murya ɗaya ke bayani, jama'a na sauraro. Wannan gado bai saki yawancin shirye-shiryenmu na tarihi ba: mai bayani yana ta zuba, ana nuna hawan salla da kirari, ba a faɗin inda aka samo labari. Shehu Umar na Adamu Halilu, wanda ya fito a 1976, ƙagaggen labari ne, kowa ya sani. Shi kuwa fim ɗin tarihi alkawarin gaskiya ya ɗauka.

Alal misali, a dubi yaƙin Haɗeja da Turawa na watan Afrilun 1906. Rahoton Gwamna Lugga ya ɗauke shi horon masu taurin kai, mutanen gari kuwa har gobe Mai Shahada suke kiran Sarki Muhammadu. Haka Sarki Buhari, wanda ya rasu a yaƙin Gogaram a 1863: ɗan tawaye ne a idon Sakkwato, gwarzo ne a bakin Haɗejawa. Duk fim ɗin da ya kawo ruwaya ɗaya ya ɓoye ɗayar, waƙar fada ya yi, ba tarihi ba.

Bugu da ƙari, tarihin fasihi kamar Mu'azu Haɗeja, malamin makarantar da ya rasu a 1958, ba ya cika da yabon dangi kawai. Sai an karanta waƙoƙinsa na Giya da Karuwa, an nuna halin zamanin da ya sa ya rubuta su.

Saboda haka, kafin malami ya nuna wa ɗalibai irin wannan fim, ya tambaya: wa ya faɗa, daga wa ya ji, wa kuma aka hana magana? Allah ya sa mu riƙe amana, amin.