Natsuwa a Cikin Aljihu: Tarken Manhajar Headspace

Manufar wannan maƙala ita ce auna manhajar wayar hannu mai suna Headspace da ma'aunin alkawarin da ta ɗauka, wato gyara halin mutum ta hanyar horon zuciya. Andy Puddicombe, Baturen Ingila da ya shafe kimanin shekara 10 yana zaman zuhudu bisa tafarkin Buddha, shi da Rich Pierson ne suka kafa kamfanin a Landan cikin 2010, manhajar kuwa ta fito a 2012.

Ta fuskar sauƙi, aikin ya cancanci yabo. Darussan farko gajeru ne, na kamar minti 10, inda murya mai sanyi ke umurtar mai sauraro ya lura da shigar numfashinsa da fitarsa, in hankalinsa ya tafi yawo ya komo da shi ba tare da zargin kai ba. Wanda ba shi da malami ya sami ƙofar shiga.

Sai dai akwai aibi biyu. Na farko, manhajar tana ƙirga ranakun da mutum ya jera bai yi fashi ba, tana kuma yaba masa a kan haka. Alhali a koyarwar Buddha kwaɗayi shi ne tushen wahala. Wanda ya zauna don gudun kada lissafinsa ya rushe, kwaɗayin ne ya zaunar da shi. Ya yi gudun gara ya faɗa gidan zago. Ko carbin lantarki da ake maƙalawa a yatsa a ƙasar Hausa ya fi ta kunya, domin ƙirga kawai yake yi, ba ya kirari.

Na biyu, lura da zuciya rukuni ɗaya ne daga cikin rukunai 8 na wancan tafarki, waɗanda suka haɗa da kyautata magana da aiki da hanyar neman abinci. Jon Kabat-Zinn ya kai wannan horo asibiti a Amurka cikin 1979 don rage damuwa, amma ya bar masa malami da zaman jama'a na mako 8. Manhajar kuwa ta bar ɗalibi shi da muryar da ba ta ganinsa, balle ta tsawata masa.

Saboda haka, Headspace tana iya kwantar da hankali, wannan kuwa ba ƙaramin amfani ba ne. Amma sauya hali yana bukatar wanda zai faɗa wa mutum abin da ba ya son ji, kuma da wuya mai sayar da haja ya yi wa mai saye haka.