Aron Murya a Faifan "The Dreaming" na Kate Bush

Kate Bush mawaƙiya ce 'yar Ingila wadda ke rubuta waƙoƙinta da kanta. A shekarar 1982, tana da shekara 24, ta fitar da faifanta na huɗu mai suna The Dreaming, wanda shi ne na farko da ta ɗauki nauyin haɗa sautinsa ita kaɗai. Waƙoƙi goma ne a cikinsa, kuma manazarta na sanya shi a rukunin kiɗan rok na gwaji, wato wanda ke kauce wa zubi da tsarin da kunne ya saba da su.

Salon da ya fi jan hankalinmu a faifan shi ne aron murya, domin a yawancin waƙoƙin mawaƙiyar kan shiga rigar wani ne ta yi magana da bakinsa. A "Pull Out the Pin" ta zama mayaƙin Biyetnam da ke fakon sojan Amurka, a "There Goes a Tenner" kuwa ɓarawon banki, har da karin harshen talakawan Landan. Inda salon ya fi nuna, a ganinmu, shi ne "Houdini", waƙar da ta sa a bakin matar shahararren mai rufa-idon nan, wadda ke miƙa wa mijinta mabuɗin sarƙoƙinsa cikin sumba, sannan bayan rasuwarsa ta shiga neman saƙo daga gare shi. A nan muryar kan sauko da taushi, can kuma ta fashe da kururuwa mai kaushi, ta yadda mai sauraro zai ji zafin rashin tun kafin ya fahimci kalmomin. Na'urar Fairlight, mai naɗar kowane irin sauti ta mai da shi kayan kiɗa, ta taimaka wajen wannan cunkoso. Hatta kukan jaki an kwaikwaya a waƙar ƙarshe, abin da zai ba Bahaushe dariya a jin farko, kafin ya gane firgici ake nufi.

To amma aron bai zauna daidai ba a waƙar da faifan ya ci sunanta. Jigonta shi ne zaluncin da Turawa suka yi wa mutanen asali na Ostireliya, da ƙwace ƙasarsu don haƙar ma'adinai. Mawaƙiyar ta ari karin harshen Baturen Ostireliya, alhali waɗanda ake kuka dominsu abin da aka fi ji nasu shi ne bututun busarsu, dijiridu, yana gurnani a ƙarƙashin kiɗan. Niyyar mai kyau ce, sai dai mayaƙin Biyetnam ya sami bakin magana, su kuwa sun zama ado.

Faifan ya kai mataki na uku a jadawalin Birtaniya, amma cinikinsa bai kai na waɗanda suka gabace shi ba, kuma masu sharhi da dama sun rasa inda za su ajiye shi. Sai a 1985, bayan ta gina ɗakin naɗar sauti nata na kanta, ta fito da Hounds of Love, inda ta rage cunkoson ba tare da ta yar da aron muryar ba.