Zullumi Daban, Fargaba Daban

A labaran da ake sakawa a Facebook da WhatsApp, da wuya mutum ya karanta shafi biyu bai ci karo da "gabanta ya faɗi" ba. Amarya a daren farko, ɗaliba a zauren jarrabawa, uwa a ƙofar asibiti, kowa gabansa faɗuwa yake yi. Jimlar ta zama kwandon da ake zuba duk abin da Turawa ke kira nervous.

Ita wannan kalma asalinta nervus ne na Latin, wato jijiya. Da farko mai ƙarfin jiki take nufi, sai a ƙarni na 18 ta koma nufin mai ɗari-ɗari. Hausa kuwa a ƙirji ta ajiye abin: fargaba faɗuwar gaba ce, farat ɗaya take zuwa.

Zullumi jira ne. A leƙa Auyo ko Guri a watan Satumba, sa'ad da ruwan Tiga da Challawa ya cika kogin Haɗejiya, ciyawar kachala kuma ta toshe masa hanya. Manomin da ya ga ambaliyar 2022 kullum da asuba yana bakin jinga yana duba inda ruwa ya kai, ga shinkafa ta kusa nuna. Gabansa bai faɗi ba tukuna. Sai daren da aka yi ihu cewa jinga ta ɓalle.

Marubucin da ya cakuɗa kalmomin biyu ya zubar da makonnin jiran nan, alhali a cikinsu labarin yake.