Gara Baburan Japan Su Yi Magana da Muryarsu

Masu ƙera babura a Japan sun fara barin wata ɗabi'a da suka daɗe a cikinta, wato kwaikwayon Harley-Davidson na Amurka a baburan nan masu ƙasa-ƙasan sirdi da ake kira cruiser. Kawasaki ya fito da Vulcan S a 2015 da injin Ninja 650. Honda ya sa wa Rebel 1100 na 2021 injin Africa Twin. Dukansu silinda biyu ne a jere, ba masu siffar V irin ta Harley ba, kuma ba su ɓoye lagiretonsu. Ina goyon bayan wannan sauyi da zuciya ɗaya.

Dalilina yana cikin tarihin baburan da kansu. Da Yamaha ya kawo Virago 750 a 1981, ya ɗauki siffar V amma ya yi aikin injiniya irin nasa. Ya buɗe tsakanin silinda biyun zuwa digiri 75, ya mai da injin wani sashe na firam mai ɗaukar nauyi, ya sa shokasoba guda ɗaya a baya, sannan ya maye gurbin sarƙa da sandar ƙarfe mai juya tayar baya a cikin rufaffen bututu, ba tsinkewa, ba yawan shafa mai. Honda Shadow na 1983 ya ma fi haka zurfi: ruwa ke sanyaya shi, kowace silinda tana da bawul uku da fulogi biyu, bawul ɗin kuma suna daidaita kansu da matsin mai. Abin da ya fi burge ni shi ne karanshaf ɗinsa. An ba kowane fistin mariƙinsa dabam, a ɗan karkace da juna, don injin ya rage jijjiga.

Sai kasuwa ta fara juya akalar masu zane. A 1984 Yamaha ya cire wa Virago shokasoba ɗayan nan ya sa biyu a gefe, ya ƙara ƙarfe mai ƙyalli, don babur ya yi kama da na Amurka. Honda ya kai abin matuƙa a Shadow ACE na 1995, inda ya haɗa fistin biyun a mariƙi ɗaya da gangan. Jijjigar da injiniyoyi suka kawar ta dawo, ƙarfin inji ya ragu, duk don salansa ta riƙa fitar da irin rugugin Harley. Shi kuwa Harley ya nemi a yi masa rajistar mallakar wannan sauti a 1994, sai a 2000 ya janye. Zanen aro ba ya rufe katara. Mai son Harley ya ci gaba da son Harley, shi kuma babur ɗin Japan ya zubar da abin da ya fi kowa iyawa.

Na san hujjar masu kare kwaikwayon: mai sayen irin wannan babur nishaɗi yake nema, kuma rugugi da jijjiga suna cikin nishaɗin. Gaskiya ne, kuma an sayar da waɗannan babura da yawa. Amma a duba wanda masu sake gina tsofaffin babura ke farauta a yau. Virago na 1981 zuwa 1983 suke nema, mai shokasoba ɗaya, domin tsarinsa yana ba su damar cire kayan ado su bar inji yana riƙe da babur. Abin da aka ƙi saboda bai yi kama da na Amurka ba, shi ne ya zama abin so.

Don haka nake fatan Honda, Yamaha, Suzuki da Kawasaki su tsaya a kan hanyar barin kwaikwayo. Su bar mahayi ya zauna ƙasa-ƙasa ya miƙe ƙafa, tunda daɗin cruiser ke nan. Amma inji, a bar injiniya ya gina shi yadda ya san zai fi lafiya da ƙarko, kowane irin sauti ya fito daga salansa.