Kiɗa dubu da ɗaya, hannu biyu kacal

Ƴan uwa ɗalibai, akwai wata cuta da muka sani a jami'a: mutum ya tara fotokofin darussa har su cika jaka, ya ji a ransa kamar ya karanta, ranar jarrabawa kuma ya zauna yana cizon biro. To, makaɗa ma suna da irin wannan cuta, kuma babu inda na ga ta fito fili kamar wajen masu koyon konsertina a ƙasar Ailan. A kansu nake so mu ɗan yi magana.

Konsertina wani ɗan abin kiɗa ne mai kusurwa shida, ƙanin akordiyon. Tsakiyarsa kamar zugazugin maƙera take, ana matsawa ana ja, ga maɓallai a gefen dama da hagu. Charles Wheatstone ne ya fara ƙago irin ta Ingila wajen 1829, sai Carl Uhlig ya fito da irin ta Jamus a 1834. Wadda ta samu gindin zama a Ailan ita ce ake kira Anglo, jikar ta Jamus ɗin. Sirrinta ɗaya ne: kowane maɓalli murya biyu gare shi. In ka matsa ya ba ka ɗaya, in ka ja ya ba ka wata daban. Ke nan ba yatsu kaɗai ke kiɗan ba, har da numfashin abin. Duk wanda ya manta da wannan lokacin zaɓen kiɗan da zai koya, ya ɗauko wa kansa wahala.

Matsalar daga yawa take farawa. Francis O'Neill, mutumin Ailan da ya zama shugaban ƴan sandan birnin Shikago a Amurka, ya buga littafi a 1903 mai ɗauke da kiɗa 1,850, ya ƙara wani a 1907 mai kiɗan rawa 1,001. Aiki ne babba, ba wanda zai raina shi, domin ya tserar da kiɗe-kiɗe masu yawa daga ɓacewa. Amma rumbu ne, ba malami ba. O'Neill kansa mai busa sarewa ne, wanda ya taya shi rubutawa kuma mai goge ne irin na Turawa. Saboda haka mafi yawan abin da ke ciki yana kan ma'aunin Re da Sol, inda goge da sarewa suke sakewa.

Ga inda gizo ke saƙa. Konsertina mai maɓalli 20, wadda talaka ke iya saye, layi biyu gare ta: na Do da na Sol. Babu Do diyez a jikinta ko kaɗan, alhali ma'aunin Re yana bukatarsa. Sabon mai koyo ya buɗe littafi, ya zaɓi kiɗan da sunansa ya burge shi, ya kai tsakiya ya tarar murya ɗaya ta ɓace. Sai ya zargi yatsunsa, ko ya zargi abin kiɗan, ya jefa shi ƙarƙashin gado. Laifin ba nasu ba ne. Zaɓin ne ya karkace tun farko.

Mu dubi waɗanda suka yi akasin haka. A yankin Clare, yammacin Ailan, konsertina mai araha ta Jamus ta shiga gidajen manoma tun ƙarshen ƙarni na 19, kuma mata ne suka fi riƙe ta. Da ita ake rawa a cikin gida, a ɗakin girki. Elizabeth Crotty ta garin Kilrush, wadda ta rayu daga 1885 zuwa 1960, daga wannan tushe ta fito. Gidan rediyon ƙasar ya ɗauki kiɗanta a shekarun 1950, kuma har yau ana saurare. In ka kasa kunne, ba za ka ji ado mai yawa ba, ba za ka ji tsere ba. Abin da za ka ji shi ne bugun da ke ɗaga ƙafa. Matsawa da jan nan da wasu ke ɗauka cikas ne, shi ta mayar bugun zuciyar kiɗan.

Haka William Kimber, magini daga Headington kusa da Oxford a Ingila. Ranar 26 ga Disamba 1899 Cecil Sharp ya gan shi yana yi wa ƴan rawar ƙauyensu kiɗa da konsertina, kuma daga wannan haɗuwa ne aka soma farfaɗo da rawar da ake kira Morris. Kimber bai je neman kiɗa a nesa ba. Na ƙauyensu ya riƙe, wanda ya gada wajen mahaifinsa, kuma shi ma ɗan rawa ne, ya san inda ƙafa ke tashi da inda take sauka. Kowane kiɗa nasa yana da masu shi, suna tsaye a gabansa suna jira.

Na san wani zai ce: to malam, in kowa ya tsaya kan abin da ya zo masa da sauƙi, yaushe za a ci gaba? Wannan tambaya tana da nauyi, kuma Noel Hill ne amsarta. Shi ma ɗan Clare ne, an haife shi a 1958. Da konsertina mai maɓalli 30, wadda layinta na uku ke ɗauke da muryoyin da suka ɓace, ya nuna ana iya tsallaka layuka, a nemo murya ɗaya a wurare biyu, a zaɓi ta matsawa ko ta ja gwargwadon bukata. Ta haka kiɗan Re yake gudana sumul, har abin ya zauna daidai da goge da sarewa a taron makaɗa. Gaskiya ne, wanda bai iya Re ba zai yi zaman kurame a irin wannan taro.

Sai dai a lura da abin da Hill ya yi. Bai tara kiɗa don a ƙirga masa ba. Hanyar yatsu ya tsara, ya koyar da ita shekara da shekaru. A wannan hanya kowane kiɗa darasi ne: wannan zai koya maka inda za ka saci iska da babban yatsa ba tare da an ji ba, wancan zai tilasta wa ƙaramin yatsan hagu ya farka daga barci. Wahala iri biyu ce. Akwai wadda ke ƙara maka wani abu, akwai wadda kwaɗayi ne kawai ya jawo ta. Hausawa kuwa sun riga sun faɗi abin da kwaɗayi ke buɗewa.

Don haka ni a ganina, kafin mai koyo ya ɗauki kiɗa, tambaya uku ce a gabansa. Na farko, zan iya rera shi da baki ba tare da duba takarda ba? In bai zauna a kunne ba, ba zai zauna a yatsa ba. Na biyu, muryoyinsa suna jikin abin da ke hannuna, kuma iskar za ta kai ni ƙarshen jimla? Na uku, wa zan kaɗa wa, ko da wa zan kaɗa? Kiɗan polka mai bugu biyu, wanda ƙanwarka za ta iya takawa, ya fi kiɗan gudu goma da kai kaɗai ka san ka fara su.

Mu nan ba konsertina muke gani a fada ba, gita ce da piyano na lantarki. Amma ku duba abokinmu da ya cika salularsa da waƙoƙi, kowace ya iya buɗe ta, babu wadda yake kaiwa ƙarshe. Shayi na farko ya wuce, na biyu ya wuce, yana ta sauya kiɗa, ba wanda ya motsa ko kafaɗa. Tsohuwar Kilrush da maginin Headington ba su bar mana lissafin yawan abin da suka iya ba. Abin da aka sani shi ne, in suka ja zugazugin nan, mutane tashi suke yi.