Masanan da Suka Gano Sirrin Ƙamshi

Da ƙamshi ƙwaro yake gane abinci da wurin zuba ƙwai. A kan wannan masanan cibiyar icipe ta Nairobi, wadda Thomas Odhiambo ya kafa a 1970, suka yi aikin da ya cancanci jinjina. Zeyaur Khan na icipe da abokan aikinsa na cibiyar Rothamsted a Ingila sun gano cewa tsiron desmodiyum da aka shuka tsakanin kunyoyin masara yana korar ƙwaron da ke haifar tsutsar kara. Ciyawar Nefiya da ke gefen gona kuwa janyo shi take, danƙonta ya hallaka yawancin tsutsotsin. Abin da ba a zata ba, saiwar desmodiyum tana hana ƙuduji kama masara. Manoman yammacin Kenya sun rungumi dabarar, shanunsu ma suka samu harawa.